Kwana uku, faɗuwa uku: tafiyata ta farko a kan babban babur

Faɗuwata ta farko a ƙofar gida aka yi ta, injin a kashe, ko hular kwano ban kai ga sawa ba. Na gama ɗaure kaya ke nan da sassafe, na tsaya ta hagu na ɗage jak don in ɗan tura babur ɗin baya ya fuskanci hanya, sai ya karkata dama, abin da bai fi taƙi guda ba. Na yi ta maza na riƙe. Ji na yi kamar za a cisge mini hannuwa daga kafaɗa, shi kuwa yana ta sulalewa a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, har ya kwanta a kan akwatin gefe. Kawu yana zaune a kan nasa yana kallo, ko motsi bai yi ba.

"Madalla, yau ka zama mai babur," in ji shi. "Tashe shi mu gani."

Na sunkuya na kama kan babur ɗin da hannu biyu na yunƙura. Sau uku ina yi, ban da zafi a ƙugu babu abin da na samu.

Shekara tara na yi ina hawan ƙaramin babur na zirga-zirgar cikin gari, irin wanda in ya tashi faɗuwa kake tare shi da cinya ka ci gaba da hirarka. Da wannan guntuwar ƙwarewa na je na sayo na doguwar tafiya, irin waɗanda aka ƙera don su bi kwalta, in kwalta ta ƙare su zarce. Ba zan kama sunan kamfanin ba, kada a ce talla nake yi. Injinsa silinda biyu ne, ya kusa cc 700, tayar gaba inci 21, ta baya inci 18, sirdinsa kuma ya kai santimita 87 daga ƙasa, wato ni da ba gajere ba sai na yi ɗage nake taɓa ƙasa da ƙafa biyu. Takardarsa ta ce in tanki ya cika nauyinsa ya ɗan haura kilo 200. Na sha karanta wannan lamba kafin in saya, amma sai ran nan da safe na san abin da take nufi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya fi shekara 20 yana yawo a kan wani tsohon babur mai silinda ɗaya wanda fentinsa ya koɗe. Da ya ga na gaji da kokawa sai ya sauko. Ya tabbatar babur ɗin yana cikin giya don kada ya gangara in ya miƙe. Da yake ta dama ya faɗi, ya buɗe jak ɗin ya bar shi a miƙe, don in na tashe shi ya wuce, ya samu abin da zai tare shi. Sannan ya ce in juya wa babur baya, in tsuguna in jingina ƙuguna da gefen sirdi, hannu ɗaya ya kama hannun babur na ƙasa, ɗayan ya kama ƙarfen da ke bayan sirdi.

"Kada ka ɗaga da baya, ɗan nan. Ɗago kai sama, ka riƙa turawa da ƙafafu, taku ƙanana-ƙanana."

Abin ya taso kamar wasa. Na tsaya ina haki ina jin kunya, sai ya nuna kayan da na lafta ya ce in sauke su duka a ƙasa.

Daren jiya na auna su da sikeli, har ina alfahari: kilo 46. Akwatunan ƙarfe biyu na gefe, da ƙarafunan da suke maƙale a jiki, su kaɗai babu komai a ciki sun haura kilo 12. Ga akwati na uku a can baya sama, ga jarkar fetur ta lita 10 a ɗaure a kansa, ga kujerar naɗewa, ga takalma kala biyu, ga sifanu cikakken jeri wanda rabinsu ma babu kusar da za su kama a jikin babur ɗin. Kawu ya fara da jarkar. Ya ce fetur lita 10 ya kai kilo bakwai da rabi, kuma na ɗora shi a wuri mafi muni, can sama kuma bayan tayar baya, inda zai riƙa ɗage kan babur yana sa gaba ta yi sakwa-sakwa. Tankina yana cin lita 16, hanyar da za mu bi kuwa babu inda za mu yi kilomita 200 ba mu ga gidan mai ba. Jarka ta koma cikin gida, akwatin sama ya bi ta, kujera ma haka. Abu mai nauyi, irin su sifanu da tif da ruwan sha, ya sa a ƙasan akwatunan gefe daga gaba-gaba, tufafi da bargo a sama. Ya so in cire akwatunan ƙarfen ma in sa jakunkuna masu laushi irin nasa, na ƙi, don su ne abin da ya fi burge ni a jikin babur ɗin. Ya ce to, jiki magayi.

Kafin mu tashi ya sa na hau da kayan, ya duba yadda bayan babur ya zauna, ya murɗa shokazoba ta baya ya ƙara mata tauri. Ya ce in ka hau da lodinka, kamata ya yi ta nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon da take iya lotsawa, in ta wuce haka fitila za ta riƙa kallon sama kuma kan babur ya yi sauƙi fiye da kima. Ni duk makonni biyun da na yi da shi ban ma san akwai abin murɗawa a wurin ba.

Ranar farko kwalta ce zalla, kuma ba ni da abin faɗa da yawa a kanta sai daɗi. Da zarar taya ta fara juyawa sai nauyin nan ya ɓace ɓat, kamar ba shi ne ya kusa karya ni ɗazu ba. Agogon tafiya yana nuna kilomita 180 lokacin da muka tashi, injin bai gama sakin jiki ba, littafinsa kuma ya ce kada a matsa masa har sai an yi juyen baƙin mai na farko a kilomita 1,000. Don haka muka riƙa canza giya da gudu, ba mu tsaya a kan murya ɗaya ba. Abin da na lura da shi kawai, a kwana, babur ɗin ba ya faɗawa da kansa kamar ƙaramina. Babbar tayar gaba tana son miƙewa, sai ka ɗan tura hannun ɓangaren da kake son shiga sannan ya kwanta. Ga kuma iska. Duk babbar motar da ta gifta sai na ji kamar an bangaje ni ta gefe, saboda tsayinsa da faɗin akwatunan.

Da muka tsaya shan iska da rana na tambayi Kawu dalilin wannan doguwar taya. Ya ce rami ne da dutse: taya mai faɗin da'ira tana hawa kan abin da ƙarama za ta faɗa ciki. Daga nan hira ta zarce ga asalin irin waɗannan babura, abin da shi ba ya gajiya da shi. Tseren nan na Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya kafa, ya tashi karon farko ranar 26 ga Disamba 1978, ya keta Sahara ta Tamanraset da Agadas, ya isa Dakar a Janairun 1979, kuma Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya siriri. A 1980 BMW ya fito da R80 G/S, haruffan nan biyu kuwa a Jamusanci suna nufin daji da titi, kuma shi ake ɗauka a matsayin kakan wannan jinsi. Yamaha ya sa wa nasa sunan hamadar Tenere a 1983, Honda ya kawo Africa Twin a 1988. Abin da ke ba Kawu dariya shi ne yadda jikokin suka yi ƙiba. R1250 GS Adventure na BMW, mai tankin lita 30, nauyinsa kilo 268 ne kafin a ɗora masa ko jaka ɗaya. Ban ce komai ba, don kafin in sayi nawa irin wancan na yi ta mafarki, aljihu ne kawai ya cece ni.

Washegari da hantsi muka bar kwalta muka hau burji. A daidai mahaɗar ya tsayar da ni ya sa na yi abu biyu. Na kashe na'urar nan ta ABS da ke hana birki ƙanƙame taya, domin a kan tsakuwa takan riƙa sakin birki a lokacin da kake matuƙar buƙatarsa, musamman a gangara. Ya gargaɗe ni cewa a nawa, duk sanda na kashe makulli na sake kunnawa za ta dawo da kanta, sai na sake kashewa. Sannan muka rage iskar tayoyi kaɗan don su ƙara shimfiɗuwa su kama ƙasa.

"Yanzu tashi tsaye."

Tsayuwa a kan matakan ƙafa ta ba ni tsoro da farko, gani nake kamar na hau katanga. An sha gaya mini wai tsayuwa tana saukar da nauyi ƙasa, wannan kuwa ba haka ba ne, mutum a tsaye ai sama ya ƙara yi. Amfaninta dabam ne: gwiwoyinka sun zama wata shokazobar, babur yana rawa a ƙarƙashinka ba tare da ya jijjiga ka ba, kana hangen nesa, kuma in ka danna mataki ɗaya da ƙafa sai ya karkata can ba sai ka murɗa kai ba. Bayan kamar rabin awa na fara jin daɗin abin. Har gargadar nan mai layi-layi da manyan motoci ke bari a kan burji, wadda in kana tafiya a hankali take neman zubar maka da haƙora, na gane in na ɗan ƙara wuta sai babur ya riƙa bi ta kan tudun ya lafa. Na fara ji a raina cewa ai abin ba wuya.

Sai ga rairayi.

Wani busasshen kwari ne hanyar ta ratsa, faɗinsa bai fi taku 60 ba, yashi fari lallausa, da sawun tayoyin mota biyu masu zurfi. Kawu ya shiga a tsaye, ya ja jiki baya, injinsa na kuka da murya ɗaya, bayan babur yana wutsil-wutsil kamar jelar kifi, ya fita can ya kafe a kan tsandauri. Ni kuwa ina shiga na ji kan babur ya fara lilo hagu da dama kamar wani ne ke fisgarsa. Duk abin da jikina ya ce in yi, na yi: na ƙanƙame hannuwa, na kafa ido a kan tayar gaba, na saki totur, na zauna, na miƙa ƙafa don in dogara. Da na saki totur sai nauyi duka ya koma gaba, tayar ta nutse ta zama garma, ta karkace. Ƙafar da na miƙa kuma akwatin ƙarfe ya biyo ta ta baya ya danne. Na tsinci kaina a kwance, ƙafar hagu a ƙarƙashin akwati, yashi har cikin hanci.

Gudun da nake yi bai fi na mai sassarfa ba. Abin da ya raba idon sawuna da karaya takalmin ne, dogo mai tauri har ƙauri, wanda na saya ina gunaguni saboda nauyinsa da zafinsa. In da sabon mai babur zai tambaye ni me zai fara saya, bayan hular kwano mai inganci, takalmin nan zan ce, tun kafin fitilun ƙari da sauran kayan ƙawa da na ɓata lokaci a kansu. Kawu ya zo ya kashe injin, ya ɗan ɗaga babur na zare ƙafa. Bai ce uffan game da akwatin ba, ya dai ƙwanƙwasa shi da yatsa sau biyu.

Muka tashe shi tare, a yashi kuwa aikin ya ninka, don ƙafa ba ta samun abin takawa. Ya ce in koma baya in sake shiga. Na ce, "Kawu, ko dai in tura shi a ƙasa?" Ya ce in na tura yau, gobe ma turawa zan yi. Ya nuna mini wata bishiya a tsallake ya ce ita zan kalla, kada in kuskura in dubi taya, don inda ido ya sauka nan babur yake zuwa. Giya ta biyu, totur a riƙe ba ƙari ba ragi, ɗuwawu can baya don gaba ta yi sauƙi ta yi iyo a kan yashin, gwiwoyi su kama babur, hannuwa kuma a sake.

"In kan ya yi lilo, ƙyale shi ya yi. Shi ya san hanyarsa, kai ne kake hana shi."

Wannan ita ce maganar da ta fi wuyar bi a duk tafiyar. Hankali ba ya yarda cewa a lokacin da abu yake neman kayar da kai, a lokacin ne za ka sassauta riƙo ka ƙara masa wuta. Na shiga, kan ya fara rawa, zuciyata ta ce saki totur, na cije na riƙe, idona a kan bishiya. Na ji gaba ta taso sama-sama, lilon ya koma wani abu mai laushi kamar kwalekwale a kan ruwa. Ban ankara ba sai ga ni a gindin bishiyar ina ihu a cikin hula. Sau huɗu ya sa na ƙetare kwarin nan, zuwa da dawowa, har gumi ya jiƙa mini riga, sannan ya yarda muka wuce. Ruwan da na sha a wurin ya kai lita guda a tashi ɗaya.

Rafin da muka tarar da yamma bai ba da wahala ba. Kawu ya shiga da ƙafa tukuna ya taka ƙasan ya ji ko akwai santsi ko rami, ruwan bai kai gwiwa ba, nesa da inda injin ke shaƙar iska. Abin da ya ce kawai, in na ji zan faɗi a ciki in kashe injin kafin ya kwanta, don in ya zuƙi ruwa tafiya ta ƙare. Muka haye lafiya.

Bayan rafin ne hanya ta koma duwatsu, ni kuma na manta cewa a wurin yashi mun ƙara rage iska. Na daki wani dutse mai kaifi da tayar gaba, na ji ƙarar ƙarfe, ba a yi minti biyu ba kan babur ya yi nauyi. Tayoyina masu tif ne, kuma da muka zaro shi sai ga huda biyu a jere kamar saran maciji, alamar cewa bakin rim ne ya matse tif ɗin a jikin dutse. Laifin ƙarancin iska ne, wato laifina. Ina da liba uku, wato ƙarafan cire taya daga rim, sababbi fil, da tif na ajiya, da ɗan famfo, amma ban taɓa cire taya da hannuna ba ko sau ɗaya. Babur ɗin kuma ba shi da jak na tsakiya, sai da muka tara duwatsu a ƙarƙashin injin muka ɗage gaban. Kawu ya zauna a gefe yana ba da umarni, ya ƙi taɓa komai. Sirrin, in ji shi, shi ne ka danna gefen taya na ɗaya ɓangaren ya faɗa cikin kwarin tsakiyar rim, sai wannan ɓangaren ya samu sarari, kuma ka ɗan hura wa sabon tif iska kafin ka sa shi don kada liba ta cije shi. Aikin da yake yi cikin minti 20 ya ci mini fiye da awa ɗaya da fatar yatsu biyu. Da na gama ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗan nan. Wannan a tsakar gida ake koyonsa, a inuwa." Ya ƙara da cewa shi tif ɗaya yake ɗauka, na inci 21, don in ta ɓaci ana iya cusa shi a tayar baya ya kai mutum inda zai samu gyara.

A wurin muka kafa tanti, don duhu ya riga ya yi. Na kafe babur, ina juyawa na ga jak yana nutsewa cikin ƙasa a hankali, na yi wuf na tare, na sa masa faffaɗan dutse a ƙasa. Wannan ban lissafa ta cikin faɗuwa ba. Kafin mu kwanta ya sa na goge sarƙa da tsumma na shafa mata mai kaɗan, ya ce mai da yawa a hanyar ƙura tara yashi yake yi ya zama abin niƙa, kuma kada in wanke ta da fetur saboda ƙananan robobin da ke tsakanin ƙarafunanta. Ya taɓa ta ya ji sassaucinta, ya ce irin waɗannan babura suna son sarƙa mai ɗan sako-sako fiye da na gari, don in shokazoba ta lotsa sarƙar ɗamewa take yi.

Faɗuwa ta uku ta zo rana ta ƙarshe, a kan wani hawa. Mun ɓata hanya, ya zama dole mu juya a wuri matsattse mai gangara ta gefe. Na murɗa kan babur har ƙarshe, ina tafe kamar hawainiya, sai na ga bakin kwazazzabo ya matso, na cafki birkin gaba. Duk wanda ya kama birkin gaba alhali kan babur a murɗe yake, ya san abin da ke biyo baya. Babur ya tsaya cak ya zube ta ciki, na kai ƙafa ta ɓangaren gangara, babu ƙasa a wurin sai iska. Wannan karon ban tsaya kokawa da shi ba, na sake shi na yi tsalle gefe. Da na riƙe kulocin a rabi na taka birkin baya, na kuma karkata jikina ta waje, da na juya lafiya, kuma na san haka tun kafin Kawu ya buɗe baki. Shi ma bai buɗe ba. Na kashe injin, na duba yana cikin giya, na ja bayan na juya shi yadda tayoyin suka koma ta gangara, na buɗe jak, na ba shi baya na tsuguna. Ya taso a yunƙuri na biyu.

Da muka dawo bakin kwalta na mayar da iskar tayoyi yadda littafi ya ce, na tabbatar ABS tana kunne, ba tare da an tuna mini ba. Mun iso gida bayan la'asar agogo yana nuna kilomita 940. Akwatin hagu ya lotsa har murfinsa ba ya rufuwa sai da igiya, hannun birki ya lanƙwashe kamar ƙugiya, madubi ɗaya yana kallon ƙasa. Na zazzage kayan a tsakar gida na ware waɗanda ban taɓa ba tun fita, suka yi tuli, har da takalma na biyu da sifanu takwas. Kawu ya kwance tsofaffin jakunkunansa masu laushi ya ajiye mini a kan sirdi, ya ce aro ne, kuma jibi in na kai babur juyen mai in ce a duba matatar iska, ta sha ƙura.